Yadda muka bi sawun jijjiga da gurnani a tsohuwar Marsandina

Motata Marsandi ce 230E ƙirar 1983, daga jerin nan da kamfanin ya kira W123, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har zuwa 1986. Injinta mai silinda huɗu ne, giyarta ta hannu mai lamba huɗu, kuma ƙafafun baya ke tura ta. Yawancin ƙananan motocin da suka cika titi yanzu ƙafar gaba ke jan su, inji da giya da komai a dunƙule suke wuri guda. Tawa kuwa sai ƙarfin inji ya yi doguwar tafiya kafin ya taɓa kwalta: daga kulochi zuwa giyabos, daga nan ya bi furofela da ke miƙe a ƙarƙashin mota, ya shiga bak-aksil, sannan shaf biyu su raba shi ga ƙafafun baya. Kowace gaɓa a wannan hanya tana iya samun matsala, kuma abin da ke wahalar da mutum shi ne duk a wuri ɗaya ake jin kukansu, wato ƙarƙashin kujera.

Abin ya faro mini a hankali. Idan na tashi daga tsaye na ɗan taka totur, sai motar ta yi wata karkarwa tsakanin gudun kilomita 20 zuwa 30, sannan ta sake. Daga baya wata jijjiga mai laushi ta shigo idan maleji ya haura 80, irin wadda ke sa abin da ke cikin madubin tsakiya ya dishe, tafin ƙafa ya riƙa zuga. Akwai kuma gurnani daga baya, ga wani "gum" da nakan ji duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur ko na mayar. Duk wanda na ɗauka a motar sai ya ba ni tasa fatawar. Wannan ya ce balansin taya ne kawai, wancan ya ce robar da inji ke zaune a kai ce ta mutu, mafi yawansu kuma suka ce bak-aksil ya tafi, in je in sayo na Beljiyam a ɗaura. Na ƙarshen nan shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma shi ne wanda aka fi saurin faɗa.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike a nan Kano wanda tun yana yaron gareji Marsandi yake gyarawa. Na zayyana masa komai. Bai ce a ɗaga motar ba, bai ma leƙa ƙarƙashinta ba. Cewa ya yi in kwashe duk abin da ke cikin but, jak da sufana da jarkoki, in ɗaure safaya tam, in sa mai faci ya daidaita iskar tayoyi huɗun, sannan in zo da sassafe mu hau hanya.

Na ce, "Baba, ba za ku fara dubawa a rami ba?"

Ya ce, "A rami zan ga abubuwa goma da suka tsufa, don motar ta girme wasu yaran gareji nan. Wanne ne a ciki yake kuka? Hanya ce za ta faɗa mana. Kai ka tuƙa, ni zan zauna a baya."

Kafin mu fita daga garejin ya sa na bar ta a firi, a tsaye, na riƙa ƙara wuta sannu sannu har injin ya kai irin juyin da yake yi a kan babbar hanya. Ya ɗora hannu a kan sandar giya, ya ɗora a ƙasan mota. Shiru, ba wata jijjiga. Wannan gwaji na minti ɗaya ya sauke zargi mai yawa daga kan inji da fulawil da salansa, domin da su ne, ba sai mota ta motsa ba za su nuna kansu.

Muka ɗauki hanyar Wudil, inda muka sami shimfiɗar kwalta mai santsi kuma motoci ba su fara yawa ba. Gilasai a rufe, rediyo a kashe. Na kai ta 90 a lamba huɗu, jijjigar ta zo. Ya ce in sauko lamba uku amma in riƙe maleji a inda yake. Injin ya ɗaga murya sosai, jijjigar kuwa ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Dalilin wannan gwaji yana da kyau mutum ya gane shi. A irin wannan giyabos, lamba huɗu kai tsaye take, juyin inji ɗaya juyin furofela ɗaya, saboda haka muddin kana lamba huɗu ba za ka iya bambance laifin inji da na furofela ba. Da zarar ka koma lamba uku a gudu ɗaya, inji ya ƙara sauri, furofela da tayoyi suna nan yadda suke. In jijjiga ta bi inji, ka san inda za ka nufa. Tamu gudun mota take bi.

Sai ya ce in sake kai ta 100, in jefa a firi, in bar ta ta gangara da kanta. Ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in kashe makulli, domin sitiyari na iya kullewa, birki kuma ya yi tauri. Injin ya koma sulo, jijjigar tana nan, sai dai ta ɗan yi sauƙi, ta riƙa raguwa tare da maleji har ta ɓace a wajen 70. Sauƙin nan da ta yi shi ma magana ce: taya marar balansin ba ruwanta da ko kana taka totur ko ba ka takawa, amma gaɓoɓin furofela suna jin nauyin ƙarfin da ke bi ta cikinsu. Na ɗan taɓa birki a hankali a cikin gudun, ba abin da ya canja, sitiyari bai yi rawa ba, feda ba ta harba ƙafata ba. Faifan birki ya fita daga lissafi ke nan.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne da ya tambaye ni, "Jijjigar nan, kana iya ƙirga ta?" Na ce a'a, ta yi sauri da yawa, zuga take kamar ka dafa injin niƙa yana aiki. Ya ce to ba taya ba ce. Da na koma gida na zauna na buga lissafin, na ga gaskiyarsa. Tayar da ke kan motata 195/70 ce a kan rim 14, kewayenta ya kusa mita 2. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa, wato taya tana juyawa kamar sau 14 a daƙiƙa ɗaya. Wannan girgiza ce da jiki ke jin bugunta ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗa sitiyari in a gaba take, tana kaɗa kujera in a baya take. Furofela kuwa tana juyawa fiye da sau uku da rabi kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda ragin da haƙoran bak-aksil ke yi. Ka ga ta kai wajen juyi 50 a daƙiƙa, kusan 3,000 a minti. Jiki ba ya ƙirga wannan, zuga kawai yake ji, kunne kuma ya fara jin ta a matsayin amo. Mutum ko ba shi da wata na'ura, bambancin 14 da 50 a bayyane yake in an nuna masa sau ɗaya.

Saura gurnani. Da muka sami wuri babu kowa gaba da baya, ya ce in riƙe 60 in riƙa karkata motar hagu da dama a hankali cikin layina. In na karkata hagu, gurnanin ya ƙaru. In na karkata dama, ya kusan ɗaukewa. Idan mota ta karkata hagu nauyinta kan ƙafafun dama yake komawa, kuma boris ɗin da ya cinye ya fi kuka in an danne shi. Baba ya matsa can gefen dama na kujerar baya, ya sunkuyar da kai, ya ce daga nan yake fitowa. Gurnanin bai damu da totur ba ko kaɗan. Amma a ƙarƙashinsa ya ji wani siririn kuka daban, mai kama da fito, wanda ke zuwa idan na ɗora ƙafa kaɗan a kan totur a wajen 70 zuwa 80, ya ɓace da na ɗaga. Ni ban taɓa rarrabe shi da gurnanin ba sai da ya ce in saurara. Ya ce wannan ne kaɗai muryar bak-aksil a cikin duk hayaniyar, kuma ƙarama ce.

Muka dawo da zargi uku a rarrabe: furofela, boris ɗin ƙafar baya ta dama, sai ɗan kukan bak-aksil.

Duk da haka sai da muka biya ta kan tayoyi, don shi ne abu mafi arha. Aka duba ko akwai wadda ta yi ƙulu ko wayarta ta saki, aka karanta lambobi huɗun nan na gefen taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, aka hau da su injin balansin, aka mayar da na gaba baya. Jijjigar ba ta gusa ba.

Sannan muka shiga rami. Ina so in tsaya a nan in ce wani abu da ke damuna: na sha ganin yara kwance a ƙarƙashin mota an ɗaga ta da jak ɗaya an tokare da dutse, wani ma har a kunna ta a sa giya ƙafafu na juyawa a sama. Wannan ganganci ne da rai. Ban da haɗarin zamewa, yadda bak-aksil ke aiki shi ne in ƙafa ɗaya ta tsaya, ɗayar sai ta ninka gudunta. Rami ko ƙafafun ƙarfe masu ƙwari, in babu su a haƙura.

Furofelar W123 gida biyu ce. A bakinta na gaba, inda ta haɗu da giyabos, akwai wata faffaɗar roba mai kauri da ramuka shida, uku a ɗaure da giyabos, uku a ɗaure da furofela. Akwai irinta a baya wajen bak-aksil. A cikin robar akwai zare da aka naɗe, shi ke ɗaukar ƙarfin, robar kuma ta shanye fizga. A tsakiya akwai boris da ke zaune cikin wani zoben roba da aka ɗaure a jikin mota, kusa da shi kuma kuros guda ɗaya, wato gaɓar ƙarfe mai siffar gicciye da ke barin furofela ta lanƙwasa tana juyawa, da wurin da gida biyun ke zurawa cikin juna ta haƙora.

Baba ya haska tocila a robar gaba. Ta jiƙe sharkaf da man giya da ke tsiyaya daga sil ɗin bayan giyabos, ta kumbura, ta tsattsage a kewayen ramukan, har zaren ya fara leƙowa a wuri biyu. Mai yana cin irin wannan roba, zafin salansa da ke wucewa kusa da ita da zafin garinmu kuma suna ƙarasa ta. Ya sa motar a giya, ya kama furofela ya murɗa gaba da baya, muka ga tsagun suna buɗewa suna rufewa. Ga "gum" ɗina nan. Ya ce mini wannan ce ba a wasa da ita, domin in ta tsinke a kan gudu, bakin furofela zai riƙa dukan ƙasan mota, yana iya fasa giyabos, yana iya yin abin da ya fi haka muni.

A tsakiya kuma ya tura furofelar sama da tafin hannu, ta tafi ba tare da wata turjiya ba, ta dawo ta faɗi. Zoben robar ya yage fiye da rabi, furofelar ta zauna ƙasa da inda ya kamata, har ga wani wuri da ya yi ƙyalli saboda gugar ƙarfe. Wannan ya bayyana karkarwar tashi: lokacin da ƙarfin inji ya fi yawa a lamba ɗaya da biyu, tsakiyar furofela tana neman bauɗewa, babu abin da zai riƙe ta, sai ta riƙa lilo. Ya kuma bayyana zugar babbar hanya. Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da sauri ɗaya, yana ƙara sauri ya rage har sau biyu a kowane juyi, kuma iya karkacewar iya ƙarfin abin. Robar da ke ƙarƙashin giyabos ita ma ta lotsa, ta ƙara sauke bakin furofelar daga gaba. Ya bi jikin bututun da hannu yana neman lotsawa ko alamar ɗan ƙarfen balansin da aka liƙa a masana'anta ya fita, bai samu ba. Robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf biyun baya lafiyarsu ƙalau, ba tsaga ba yoyo.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya ya aiki yaro ya kawo farin fenti, ya ja layi a kan gida biyun furofelar inda suke haɗuwa, ya kuma yi alama a bakin gaba da na baya. An yi wa furofela balansin ne a haɗe, in aka raba ta aka mayar da haƙori ɗaya a kuskure, za ka sa sababbin kaya kuma ka fita da jijjigar da ta fi ta da. Ya ce motoci da yawa da ake kawo masa da wannan ciwo, ba tsufa ne ya jawo musu ba, kwancewa aka yi ba alama.

Da furofelar ta sauko, abin da ya fara kamawa shi ne kuros. Ya lanƙwasa shi ta kowane ɓangare a hankali, ido a rufe, yana neman inda zai cije ko ya yi sako-sako. A wannan mota an danne kuros ɗin ne a masana'anta, ba a yi shi don a riƙa cirewa ana sakewa ba, saboda haka in ya mutu magana ta koma neman wata furofelar ko kai ta wurin masu injin sassaƙa ƙarfe. Namu ya tafi sumul. Boris ɗin tsakiya da aka juya shi da yatsa sai ya yi ƙara a bushe. Ya kuma nuna mini wani ɗan bushi da ke cikin bakin furofela, wanda ke zama a kan ɗan sandan da ya fito daga giyabos don ya riƙe ta a tsakiya daidai. Mutane da yawa ba su san da shi ba. Namu ya buɗe, aka sa shi cikin abin da za a saya.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsofaffin kayan a leda, don robar furofela ba girma ɗaya ba ce a duk Marsandi, sai an gwada ramuka da faɗi. A ra'ayina, ƙarfe ana iya sayen na Beljiyam a ci riba, amma roba a sayi sabuwa. Robar da aka ciro daga motar da ta shekara talatin ko arba'in ta tsufa ko da ba ta tsage ba, kuma aikin sauke furofela ba abin da mutum zai so ya maimaita ba ne bayan wata kaɗan. Na sayi robobin gaba da baya tare da sababbin kusoshi da notinansu masu kulle kansu, boris da zobensa, bushin, robar giyabos, da sil. Barin sil ɗin yana yoyo daidai yake da sayen sabuwar roba a miƙa wa mai.

Wajen mayarwa akwai abu biyu da na lura Baba bai bar wa yara ba. Na farko, ya duba rubutun da ke jikin robar gaba, domin wasu suna da fuskar da dole ta kalli furofela. Na biyu, bai ɗaure kusoshin zoben tsakiya da babban notin haɗin ba sai da aka fitar da motar tana kan ƙafafunta, aka tura ta gaba da baya, furofelar ta nemi tsawonta ta zauna ba tare da an tilasta mata ba, sannan aka mayar da ita rami aka ɗaure. In an ɗaure a takure, sabon zoben zai fara aiki a miƙe ta gefe guda, ba zai daɗe ba.

Na so a haɗa da boris ɗin ƙafa a gama gaba ɗaya. Ya ce a'a, mu fara komawa hanya, don mu san abin da wannan aikin ya gyara da abin da bai gyara ba. Karkarwar tashi ta tafi. A 90 da 100 madubi ya tsaya cak, ina ganin lambar motar da ke bayana. "Gum" ɗin ya ragu ƙwarai, ɗan abin da ya saura na wasan haƙora ne da ba a rasa shi a motar da ta yi wannan shekaru. Gurnanin kuwa sai ya fito fili fiye da da, tun da abin da ke rufe shi ya kau.

Boris ɗin ƙafar ya so ya ruɗe ni, domin da aka ɗaga ƙafar aka girgiza ta sama da ƙasa, ba ta yi rawa ba. Baba ya ce boris yana iya kuka tun bai fara rawa ba. Ya sa yaro ya riƙa juya tayar da hannu, shi kuma ya dafa dogon sukudireba a bayan ƙafar ya kara ƙotar a kunnensa, sannan ya miƙo mini. A dama ana jin gurza-gurza, a hagu sumul. Da aka kwance, hanyar da ƙwayoyin boris ke bi ta yi tabo-tabo ta ɓarje. A wannan mota boris biyu ne a kowace ƙafar baya, da wani ɗan zobe a tsakaninsu da ke matsewa yayin da ake ɗaure noti, har a kai ratar da ake so, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In aka zarce, zoben ba ya dawowa, sai an sa sabo. Da agogon awo ya yi aikin, yana ɗaurewa kaɗan yana dubawa. Gurnani ya ƙare daga ranar.

Sai bak-aksil, wanda da farko kowa ya yanke wa hukunci. Ya fara kwance kusar zuba mai kafin ta zubarwa, don kada a tsiyaye man sannan a tarar ta saman ta ƙi kwantuwa. Man ya yi ƙasa da bakin ramin, ya yi baƙi. Ya tara a farin kwano ya fita da shi rana, ya murza tsakanin yatsu. Akwai ɗan ƙyalli mai laushi irin na cin shekaru, babu gutsuren ƙarfe ko ɗaya. Aka zuba sabon man giya mai lamba 90, kimanin lita guda, har ya fara dawowa ta bakin. Siririn kukan ya ragu, amma yana nan a wajen 70 zuwa 80 in ƙafa na kan totur kaɗan.

Na ce, "Baba, wannan fa, mu buɗe shi?"

Ya ce, "Bar shi. Daidaita haƙoran nan aikin ma'auni ne da siraran zobban ƙarfe, in aka buɗe ba kayan aikin, kukan da za a rufe da shi sai ya fi wannan. Na Beljiyam kuma ba ka san abin da ke cikinsa ba sai ka ɗaura."

Ya ƙara mini da cewa ko da wata rana ta kama a sake shi, dole a duba lambar ragin da aka buga a jikin kaskon, domin na 200 da na 230E da na masu shan gas ba ɗaya ba ne, kuma tun da daga giyabos wayar maleji take karatu, in ragin ya bambanta maleji zai riƙa faɗin gudun da ba shi ba ne. Muka tsayar cewa duk lokacin da aka zo juyen baƙin mai za a buɗe kusar sama a duba man bak-aksil, a kuma haska robobin furofela. Za mu buɗe shi ne kawai in kukan ya fara zuwa a kowane gudu, ko ya koma gurnani in an ɗaga ƙafa, ko aka ga gutsuren ƙarfe a cikin man.